Ranar da Aka Tace Jinin Ƙanwata

Sana'ata duba kaya ce. Na fara da tallan kwano a ka, gida gida, daga Muchia zuwa Jama'a, kafin Allah ya ba ni rumfa a kasuwar Sabon Gari. Idan na ƙwanƙwasa langa da farce, ƙararta kaɗai ta ishe ni in san ko ta tsage a ƙarƙashin fenti. Na kuma ɗauka haka nake da mutane. Mace ta tsaya gaban rumfata, kafin ta buɗe baki na san ko kayan ɗakin 'yarta ta zo haɗawa ko kallo kawai ya kawo ta. Da wannan alfahari nake yawo har shekarar da azumi ya faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da ake ta zancen mulkin kai a bakin kasuwa. A shekarar na kusa kashe ƙanwata da bakina.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, na ba ta shekara goma, kuma ni na goye ta bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ta auri wani yaron kirki mai aiki a gonar gwaji ta Samaru, cikin masu kula da auduga, suna zaune a gidan mahaifinsa. Tsohon manomi ne, mai kawaici, duk muna ce masa Baba. Shekara guda kafin abin da zan faɗa, ta yi ɓarin wata uku. Ta riga ta gaya wa wata maƙwabciya tun cikin yana ƙarami, saboda haka da ya zube sai mata suka yi ta zuwa jaje, kowace da tata fassarar. Wata ta ce daka ne, wata ta ce ɗaukar tulu ne, da yawa kuma suka ce saurin baki ne, ba a faɗar irin wannan. Ta ji su duka, ta riƙe a ranta.

Kwana takwas bayan ƙaramar sallah na hau mota zuwa Samaru, na kai mata sabon kwanon sha da 'yar langa mai furanni da na keɓe mata daga kayan da suka zo a jirgi. Na same ta kwance a tabarma, ta dafe mararta ta dama.

Na ce, "Ke kuma lafiya?"

Ta ce, "Ciwon ciki ne, Yaya. Yana zuwa yana tafiya."

Ban yi mamaki ba. Duk wanda ya yi wata guda yana azumi cikin wannan zafi, ya zo ya auka wa tuwon sallah da mai, cikinsa sai ya yi magana. Rabin matan kasuwa a satin nan haka suke. Amma da na ga tana cije leɓe in za ta juya, na ce a tashi a je ɗakin shan magani.

Ɗaki ɗaya ne, da tebur da benci, ƙofa a buɗe, masu jiran layi suna leƙowa. Mijinta ya taho da mu. Baba ma ya biyo mu, don gwiwarsa na damunsa yana son maganin shafawa. Muka shiga mu huɗu muka tsaya a kan disfensa mai ba da magani, wani saurayi mai tsabta, farar rigarsa ta sha guga. Ya tambayi inda ke ciwo, ta nuna. Ya tambayi kwana nawa, ta ce uku. Sai ya ce, kansa a kan littafi, da muryar da har na bakin ƙofa suka ji:

"Kina da ciki?"

Baba ya ɗaga kai yana duban rufin ɗaki. Mijinta ya sunkuya yana duban yatsun ƙafarsa. Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ɗan kaɗa kai, irin kaɗawar da ba ta nufin komai sai a ƙyale ni. Shirun ya yi mini nauyi, kuma ni ban iya barin shiru ya daɗe ba. Na ce da muryata ta kasuwa:

"Malam, da akwai ai ni zan fara sani. Cin sallah ne."

Ya rubuta. Ya ƙunso gishirin wankin ciki a takarda, ya ce a jiƙa mata da safe kafin ta ci komai. Baba ya karɓi nasa maganin, muka fito.

Na kwana a gidan. Da gari ya waye ni da hannuna na jiƙa gishirin a sabon kwanon da na kawo, na tsaya a kanta har ta shanye. Da hantsi ta zaga bayan gida. Ina tsakar gida ina taya wata mata tsince wake, sai na lura ta daɗe. Na kira, shiru. Na same ta a yashe a ƙasa, jikinta sanyi ƙalau, zufa tana keto mata, leɓɓanta sun koma kalar toka. Da muka ɗago ta ta buɗe ido, abin da ta fara cewa shi ne, "Yaya, kafaɗata."

Na ce, "Wace irin kafaɗa kuma? Ba ciki ke ciwo ba?"

Ta ce, "Kafaɗata, kamar ana soka mini tsinke."

Ban gane ba, amma na taɓa ganin fuskar mahaifiyarmu a ranarta ta ƙarshe, kuma wannan fuskar ta fara kama da ita. Na aika a kira mijinta daga gona, ni kuma na fita bakin titi da gudu. Motar farko da ta taho ta itace ce, za ta Sabon Gari. Na tsaya a tsakiyar hanya na cire mayafina ina kaɗawa. Direban ashe Bayaraben da ke ɗauko mini kaya daga tashar jirgi ne. Ya leƙo yana faɗa, "Mai kwano, kina so ki mutu ne?" Da ya ga wadda aka ɗauko, sai ya saukar da mutumin da ke gaba, muka kwantar da ita kanta a cinyata, mijinta da Baba suka hau kan itace.

Duk ramin da motar ta faɗa sai ta yi ƙara, daga baya ma ta daina ƙarar, wannan ya fi tsorata ni. Da muka iso mararrabar jirgi a Sabon Gari muka tarar an rufe hanya, jirgin kaya yana wucewa a hankali. Jirgin nan shi ke kawo mini abincina, kullum na ji kukansa sai raina ya yi fari. Ran nan na zage shi, wagunu bayan wagunu, har ya ƙare.

A babban asibiti wadda ta tarbe mu wata Sista ce, gajeruwa, ta kai shekara hamsin, da zane a kumatunta da ɗan gicciye a wuya. Hausarta ta ƙauyukan Zazzau ce tsantsa. Ta sa aka kwantar da ƙanwata a gado bayan labule, ta ja fatar idonta ƙasa ta duba, ta riƙe wuyan hannunta tana kallon agogon da ke maƙale a ƙirjinta. Sannan ta juyo.

"Maza, waje."

Baba ya ce, "Ni ne uban mijinta."

Ta ce, "Shi ya sa, Baba. Ga benci can a inuwa."

Suka fita. Ta dube ni. "Ke fa?"

"Yayarta ce."

"Ke kika goye ta?"

"Ni ce."

"To juya ki ba mu baya. Kuma ki riƙe bakinki, na ga alamar yana da sauri."

Ba a taɓa gaya mini haka ba tun da na yi wayo. Na juya na fuskanci bango. Na ji ta ja kujera ta zauna, ta sauke murya kamar mai hira a ɗakin girki.

"Sannu, 'yata. An yi sallah lafiya? Bana kam kun sha rana. Azumi nawa kika sha?"

Ƙanwata ta ce a hankali, "Ban sha ba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Madalla da ke. Kafin azumin fa, yaushe kika yi wankan tsarki?"

"Ana saura sati biyu."

"Bayan sallah kin ga wani abu?"

"Kaɗan. Baƙi-baƙi, kamar ruwan tsamiya."

"Kafaɗar nan, in kin kwanta ta fi ciwo ko?"

"E, Iya."

Ina fuskantar bango, amma sai da na dafa shi. Ran sallah da kunnena na ji Baba yana yabonta a gaban baƙi, yana cewa 'yar nan ta yi talatin cif, ba ta ajiye ko ɗaya ba. Har na ji daɗi, na ce tarbiyyata ce. Mace 'yar shekara ashirin da biyu, mai aure, ta yi azumi talatin ba hutu, ni kuma mai gane tsagar langa da farce ban tsaya na tambayi kaina me hakan ke nufi ba. Ga wata wadda ba ta ma yin azuminmu, cikin tambaya huɗu ta fito da abin da yarinyar ta ɓoye wa kowa, kuma ba ta sa ta furta kalmar da ba za ta iya furtawa ba.

Sista ta aika aka kira likita. Dogo ne, mutumin kudu, Hausarsa ba ta wuce sannu da ina ciwo ba. Suka yi magana da Turanci, ya danna cikin ƙanwata a hankali, ya sa aka kawo wata allura mai tsawo. Ni dai ina nan a bango. Bayan ɗan lokaci Sista ta taɓa ni ta ce in juyo. Tana riƙe da 'yar tasa, da jini kaɗan a ciki, baƙi.

Ta ce, "Kin taɓa yanka kaza?"

Na ce, "An yanka mini dai."

"Jinin yana kaiwa yaushe kafin ya daskare?"

"Kafin a gama fige ta."

"To dubi wannan." Ta karkata tasar, jinin ya gangara kamar ruwa. Muka tsaya muna kallo, ta sake karkatawa, ya sake gangarawa. "Wannan ba daga jijiya ya fito ba. Ya daɗe a kwance cikin cikinta. Ciki ne da ita, amma bai isa mahaifa ba. Akwai 'yar hanya da yake bi, siririya kamar tsinken tsintsiya. A nan ya tsaya ya fara girma, hanyar ta fashe. Jini take zubarwa tun jiya ko shekaranjiya, sai dai a ciki yake zuba, shi ya sa ba ku ga komai ba. Shi ne ya taru ya hau sama har take jin shi a kafaɗa."

Na ce, "Gishirin da na ba ta ne?"

Ta ce, "Gishiri bai sa shi a can ba. Amma ya cinye muku kwana guda, kuma kwanan nan muke nema yanzu."

Muka fita wurin maza, likita yana gaba. Ya tsaya a gaban Baba, yana faɗa Sista tana mayarwa da Hausa, ba ta ƙara ba ta ragewa. Ya ce abin da ke cikin ba zai rayu ba, ko me aka yi. Ya ce in ba a buɗe ta an ɗaure inda ke zubar da jini ba, ba ya jin za ta ga gobe. Ya ce in an buɗe ta ma tana iya tafiya a hannunsa, domin jinin da ya zuba yana da yawa. Ya ce hanyar da ta fashe za a cire ta, saura ɗaya, kuma da ɗayar mata suna haihuwa, amma ba duka ba. Sannan aka kawo takarda da tawada, ana son mijinta ya dangwala yatsa.

Mijin ya dubi ubansa. A gaban Baba ba zai iya cewa e ko a'a ba.

Baba ya ce, "A yanka mutum da ransa? In lokaci ne ya yi, gara ya same ta a ɗakinta, a kan tabarmarta." Sannan ya juya ya ce wa Sista, "Tambaye shi. Ya yi mini alkawari za ta tashi?"

Ta tambaya. Likita ya girgiza kai.

"Ya ce ba zai yi maka alkawari ba, Baba. Ya ce zai yi iyakar abin da ya iya, kuma duk abin da ya gani a ciki zai fito ya faɗa maka."

Baba ya fara tattara babbar rigarsa zai miƙe. A nan na gane halin likitan da ke gabanmu, domin irinsa na sani a kasuwa. Na durƙusa.

Na ce, "Baba, ka yi mini izini. Shekarata ashirin ina sayar da kwano. In langa ta ɓantare a gindi, ni nake juya ta in nuna wa mai saye kafin ya gani da kansa. Wanda na nuna wa bai taɓa dawowa da faɗa ba. Masu rantsuwa da Allah cewa kayansu ba aibi, su nake gudu. Mutumin nan ya juya maka gindin kayansa ya nuna maka. Da ya ce maka lalle za ta tashi, da ni zan fara cewa mu ɗauke ta mu tafi." Na ƙara da cewa, "Kuma jiya ni na amsa tambayar da ba ni aka yi wa ba. In ta mutu a tabarma, a wuyana take. Ka taimake ni."

Baba ya ce wa ɗansa, ba tare da ya dube shi ba, "Sa musu hannu."

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Sista ta ɗauki takardar ta koma bayan labule, na bi ta. Ta sunkuya a kunnen ƙanwata ta gaya mata duk abin da aka gaya wa maza, a taƙaice, ta ce, "Jikinki ne. Kin yarda?" Ƙanwata ta ɗaga babban yatsanta da ƙyar. Aka dangwala shi kusa da na mijinta, aka tura gadon.

Muka zauna ƙarƙashin wani mangwaro. Aka kira azahar, mijinta ya yi alwala, tawadar ba ta fita daga yatsansa ba, ya yi ta kallonta. Na naɗe hannun rigata tun ba a tambaye ni ba, domin na taɓa jin ana ɗiban jinin ɗan'uwa a ƙara wa marar lafiya. Mutane suna tsoron abin a lokacin, ana cewa wanda aka ɗiba ba ya sake yin ƙarfi. Ni ma ina tsoro. Amma na ƙudura ko duka za su kwashe su kwashe.

Ana gab da la'asar likita ya fito, rigarsa jiƙe da zufa. Ya zo har gaban Baba kamar yadda ya ce. An ɗaure, an cire hanyar dama, ta hagu lafiyarta ƙalau, tana numfashi, amma sai an ga kwana biyu kafin ya saki ransa. Sista ta yafito ni ni kaɗai.

Ƙanwata tana kwance a ɗakin mata, ba ta farka ba. A gefen gadon an rataye kwalba a jikin ƙarfe, cike da jini, da siririyar roba ta sauko ta shiga hannunta. Yana ɗiga ɗaya bayan ɗaya.

Na nuna hannuna da na naɗe, na ce, "Ba ku kira ni ba. Jinin wa kuka sa mata?"

Sista ta ce, "Nata ne."

Na ce, "Nata wanne?"

"Wanda ya zuba a cikinta. Bai ɓaci ba, a rufe yake, ba abin da ya taɓa shi. Da aka buɗe muka sa ludayi muka kwashe, muka zuba masa maganin da ke hana shi daskarewa, muka tace da farin yadi mai shara-shara da aka dafa, ninki a kan ninki, kamar yadda kike tace kamu. Wannan kwalba ta uku ke nan."

Na zauna a ƙasa, a kan siminti. Ni na san abin da ya zube ya zube. Man gyaɗa ya kife, sai dai ka share. Jini kuwa, tun ina yarinya abin da na sani shi ne in ya fita ya fita, ana rufe shi da ƙasa. Ga shi yau an bi shi har inda ya gudu, an kwaso shi da ludayi irin na kowace mace, an tace, ana mayar da shi gidansa ɗigo ɗigo. Na yi ta cewa Allahu akbar a cikina, ban san sau nawa ba. Sista ta tsaya a kaina tana kallon kwalbar ita ma, ta ce, "Na fi shekara ashirin ina wannan aiki, har yau in na ga haka sai tsigar jikina ta tashi."

Na ƙura wa leɓɓan ƙanwata ido. Ban iya cewa ga lokacin da suka canja ba, kamar yadda ba ka iya kama lokacin da gari ke wayewa. Na dai san da na shigo kalar toka ne, da kwalbar ta kai rabi kuma sun fara ja. Na kama tafin ƙafarta, wanda a mota ya yi sanyi kamar randa. Da ɗumi.

Kafin mu bar asibiti ran nan, Sista ta fito da wani ɗan ƙunshi a farin ƙyalle, bai kai ƙwallon goruba ba. Ta durƙusa gaban Baba ta ce, "Ga abin da aka cire. Wasu suna so, wasu suna bar mana. Ba na yanke wa kowa." Baba ya karɓa da hannu biyu, ya yi salati, ya sa a aljihun ƙirjinsa. A bayan gidansa na Samaru ya binne shi, shi da ɗansa.

Da ƙanwata ta farka sosai washegari, ina zaune, Sista ta zo ta gaya mata komai ba ɓoye-ɓoye. Ƙanwata ta yi kuka marar sauti. Sai ta ce, "Wannan karon ban gaya wa kowa ba, Iya. Ko shi ban gaya wa ba."

Sista ta ce, "Na sani. Ki ji ni da kyau. Wancan bai zube don kin faɗa ba, wannan bai ɓata hanya don kin yi shiru ba. Ba daka ba ne, ba tulu ba ne. Amma nan gaba in kin ga wata ya wuce, ki faɗa wa mace ɗaya. Ɗaya tak. Ko wannan mai bakin." Ta nuna ni da haɓa. Ƙanwata ta yi dariya, ɗinkin ya ja ta, ta koma kuka.

A rana ta uku sai ga disfensan Samaru a kan keke, littafinsa ɗaure a baya. Sista ce ta aika masa da takarda. A lokacin abokan aikin mijin ƙanwata sun fara zuga shi ya kai ƙara wurin manya a kore shi, kuma na ga alamar zugar ta fara kama shi. Saurayin ya jingina kekensa, ya cire hula, ya tsaya gaban Baba da mijin a ƙarƙashin mangwaron nan. Ya buɗe littafin ya nuna layin da ya rubuta.

Ya ce, "Baba, ga abin da na rubuta, ban goge ba. Na yi tambaya a inda ba za a iya amsa ta ba, na kuma rubuta amsar da ba mai jikin ce ta ba ni ba. Ban duba idonta ba, ban riƙe hannunta ba. Kuskurena ne."

Na ce, "Rabi nawa ne, Malam. Kada ka kwashe duka."

Sista tana tsaye da hannu a ƙugu. Ta ce masa, "Kai ba a ƙasar nan aka haife ka ba? Kana da mata?"

Ya ce, "Ina da ita."

"Ta haihu?"

"Ɗaya."

"Da bakinta ta gaya maka tana da ciki?"

Ya sosa ƙeya. "Sai da na gani."

"To! Taka ba ta gaya maka a ɗaki ba, ta wani za ta gaya maka a gaban surukinta da mutanen layi? A makaranta sun ba ka tambayar da Turanci, kai kuma ka juye ta yadda take."

Har Baba sai da ya murmusa. Ya ce wa saurayin ya mayar da hularsa, rana na dukansa. Da disfensan ya miƙa wa mijin ƙanwata hannu ya karɓa, kuma ban sake jin zancen ƙara ba. Da na koma Samaru bayan wata guda, na ga an kafa zana an raba ɗakin shan maganin biyu, da wata dattijuwa zaune a bayanta a kan kujera 'yar tsugune. Mata ta nan suke fara bi.

Ƙanwata ta yi kwana goma sha shida a asibiti. Ranar da aka sallame ta, ta fito da ƙafarta, a hankali, tana dafe da ni. A rumfata muka tsaya ta huta kafin a samu motar Samaru, matan kasuwa suka kewaye ta suna son ganin wadda aka mayar wa jininta. Na kore su. Na ba ta fura a kwano, ta sha, ina kallon maƙogwaronta yana motsi, ban gaji da kallo ba.

Bayan shekara biyu, kwana uku da sallah, ta zo mini yawon sallah a Sabon Gari. Rumfa cike da masu saye. Na jira suka ragu, na juya mata baya kamar ina gyara jerin langa, na ce, "Bana azumi nawa kika sha?"

Na ji ta ce, can ƙasa, "Ban sha ba, Yaya."

Na ja buhu na rufe kayana da rana tsaka, na ce wa maƙwabciyata ta sa mini ido, na kama hannunta muka nufi wurin Sista. Ta sa muka yi ta komawa duk sati, tana dubawa tana rubutawa, har ranar da ta ɗago daga kan cikin ta ce wannan ya isa inda ya kamata.